Bin Sawun Haske: Daga Ibnul Haisam Zuwa Injinan Haɗa Fim

A kowane gida a Katuru, ko Shinkafi, ko Zurmi, idan aka ajiye baho cike da ruwa a tsakar gida da hantsi, wani haske yakan bayyana a jikin katanga ko a ƙarƙashin rufin rumfa, yana rawa, yana tsinkewa yana sake haɗuwa. Wanda ya tsaya a bakin gulbin Bunsuru ko Gagare bayan damina, lokacin da ruwa ya ja baya ya kwanta, zai ga yashin da ke ƙasan ruwan ya cika da zane-zanen haske masu motsi. A teburin mai shayi ma, in rana ta bugi kofin gilashi, sai ka ga wani jan haske ya taru a tsakiyar inuwar kofin. Masana suna kiran wannan taruwar haske kostik. Mu ba ma ko tsayawa kallonsa. Amma kwamfutar da ke iya zana birni guda da motocinsa da hayaƙinsa har ka rantse kyamara ce ta ɗauka, ta shafe fiye da shekara 40 tana fama da wannan ɗan hasken, kuma har yau ba a ce an gama da shi ba.

Aikin shi ne wanda masu sana'ar ke kira rendarin. Ana ba kwamfuta bayanin wuri: ga ɗaki, ga tebur, fitila tana nan, bango na laka ne, kofi na gilashi ne, kyamara tana kallo daga can. Babu ɗayansu a zahiri, lambobi ne kawai. Abin da ake nema daga kwamfuta shi ne ta faɗi launin da zai fito a kowane ɗigo na hoton. Hoto ɗaya mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo 2,073,600, fim kuwa hoto 24 yake cinyewa a kowace daƙiƙa. A kan kowane ɗigo tambaya ɗaya ake yi: wane haske ne ya iso nan, kuma ta ina ya biyo?

Tambayar ta girmi kwamfuta da ƙarnoni. Uklidis da Batlimus, manyan masanan da suka zauna a Iskandariyya, sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wasu zaruruwa su je su taɓa abu, sannan a gan shi. Wannan ra'ayi ya daɗe yana cin kasuwarsa, sai da Abu Ali Alhasan Ibnul Haisam ya zo. An haife shi a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi wa sarkin Faɗimiyya, Alhakim bi Amrillah, alƙawarin daidaita ambaliyar kogin Nilu. Da ya isa kudancin Aswan ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, sai ya ƙirƙiri hauka don ya tsira da wuyansa, aka tsare shi a gida har sarkin ya kau a 1021. A tsakanin 1011 da 1021 ne ya rubuta Kitabul Manazir mai juzu'i 7. Hujjojinsa masu sauƙi ne: wanda ya kalli rana idonsa ke ciwo, wanda ya daɗe yana kallon abu mai haske in ya runtse ido sai ya ci gaba da ganin alamarsa, ashe wani abu ne ke shigowa ido daga waje. Ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa, ya ga kowace ta jefa nata hasken a bangon ɗaki mai duhu, in ya rufe ɗaya nata ɗigon kaɗai ke ɓacewa. Ya kammala da cewa haske yana tashi daga kowane ɗigo na abu, ya nufi kowace fuska, a miƙe.

A juzu'i na 5 akwai wata mas'ala da har yau take ɗauke da sunansa a littattafan lissafi na Turai. Ga ido a wuri kaza, ga fitila a wuri kaza, ga madubi mai siffar ƙwallo: a wane ɗigo na madubin hasken zai sauka ya juyo ya shiga idon? Da madubin shimfiɗaɗɗe ne, ɗalibin sakandare zai warware ta da rula. Da ya lanƙwashe kuwa, sai ta zama lissafi mai hawa huɗu, kuma a madubi mai zurfi amsar tana iya kaiwa ɗigo huɗu daban-daban. Ibnul Haisam ya warware ta ta hanyar haɗa da'ira da wani lanƙwasasshen layi, a cikin shafuka masu yawa da suka wahalar da waɗanda suka biyo bayansa. An buga fassarar littafin da Latin a birnin Basel a 1572, masana irin su Huygens suka sake ɗaukar mas'alar a ƙarni na 17, kuma a 1997 Peter Neumann na Jami'ar Oxford ya tabbatar da cewa ba ta warwaruwa da rula da kamfas kaɗai. Mai karatu ya riƙe wannan mas'ala, domin ita ce ƙashin bayan duk wahalar da za ta biyo baya.

Kafin shi ma, a Bagadaza a 984, Ibn Sahal ya rubuta yadda haske ke karya hanya idan ya shiga gilashi, ƙa'idar da Snell na Holan ya sake ganowa a 1621. A 1662 Fermat na Faransa ya ɗaure su duka da igiya ɗaya: tsakanin wuri biyu, haske yana bin hanyar da ta fi saurin kai shi.

Daga nan labarin ya tsallaka wani wuri da ba shi da alaƙa da zane. A 1946, masanin lissafi Stanislaw Ulam na Los Alamos ta Amurka, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya, yana jinya yana buga karta shi kaɗai, sai ya tambayi kansa sau nawa wannan wasa yake fita. Lissafin ya gagara, sai ya ga ai gara a buga wasan sau ɗari a ƙirga. Shi da John von Neumann suka ɗora wannan tunani a kan ƙwayoyin niyutron da ke yawo a cikin bam: ba za a iya bin su duka ba, to a zaɓi wasu da ƙuri'a, a bi kowace har ƙarshenta, a ɗauki matsakaici. Nicholas Metropolis ne ya raɗa wa dabarar sunan Monte Carlo, garin 'yan caca. A 1953 kuma wata takarda ta fito da sunayen mutum biyar, Metropolis, da Arianna da Marshall Rosenbluth, da Augusta da Edward Teller, tana koya wa kwamfuta yadda za ta riƙa yawo a wuraren da suka fi muhimmanci. Sunan Metropolis ya bi dabarar, alhali Arianna Rosenbluth ce ta rubuta manhajar, kuma Marshall ya faɗa a 2003 cewa abin da Metropolis ya bayar shi ne lokacin amfani da injin. Wanda sunansa ya zo farko a takarda shi duniya ke tunawa.

Masu bin sawun niyutron ne suka fara juyowa kan haske. Kamfanin MAGI na jihar New York ya fara ne da lissafin yadda tiririn nukiliya ke ratsa bango, daga baya ya mayar da manhajarsa ta zane, har ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982. A 1968 Arthur Appel na kamfanin IBM ya wallafa yadda za a harba zare daga kyamara ta cikin kowane ɗigo a ga abin da ya fara bugawa. Abin dariya a nan shi ne wannan ai ra'ayin Uklidis ne, wanda Ibnul Haisam ya rusa shekara kusan dubu da suka wuce. Injiniyoyin sun san ido ba ya fitar da komai. Dalilinsu na tattali ne: cikin hasken da fitila ke zubarwa, ɗan mitsitsi ne ke shiga kyamara, kuma hanyar da haske ya bi daga fitila zuwa ido ita ce zai bi in ya taso daga ido zuwa fitila. To me zai sa a ɓata lokaci a kan hasken da ba wanda zai gani? A fara daga ido a koma baya. Wannan wayo shi ya ɗauki sana'ar gaba ɗaya, kuma duk hanyoyin da ake kira masu wuya, wuraren da wayon ya ƙi ci ne.

Turner Whitted na Bell Labs ya ƙara masa ƙafa a 1980. Zare in ya bugi madubi ya juya, in ya bugi gilashi ya karye ya wuce, kuma duk inda ya sauka sai a miƙa wani zaren kai tsaye zuwa fitila a tambaya: akwai abin da ya tare? In akwai, inuwa ce. Hotonsa na ƙwallaye biyu a saman daɓe mai gida-gida ja da ruwan ɗorawa ya ci minti 74 a injin VAX, ya kuma girgiza masu sana'ar. Sai dai wannan zare na tambaya a miƙe yake tafiya, haske kuwa in ya ratsa gilashi ba a miƙe yake fitowa ba. Saboda haka gilashin wannan zamani inuwarsa lami ce, babu wannan haske da ke taruwa a tsakiyarta.

A 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell suka aro lissafin injiniyoyin zafi don su nuna yadda jan bango ke shafa wa farin bango launinsa, suka gwada shi a wani akwati da har gobe ake gwaji da shi. Dabararsu ta iya bangon da ba ya sheƙi, ba ta iya madubi ba. Sai a 1986, a taron SIGGRAPH na birnin Dallas, James Kajiya na Caltech ya rubuta ƙa'ida guda da ta haɗe komai: hasken da ke barin kowane ɗigo shi ne wanda ɗigon ya samar da kansa, a tara da duk wanda ya sauko masa daga ko'ina ya mayar. Wahalar ita ce hasken da ya sauko shi ma daga wani ɗigon ya taso, wanda shi ma daga wani ya samu, abin ba shi da iyaka. Maganin da Kajiya ya kawo na Ulam ne. A tashi daga kyamara, duk inda aka sauka a jefa ƙuri'a a zaɓi sabuwar fuska, a yi ta tafiya har a dace da fitila ko a gaji. A maimaita sau da yawa a kowane ɗigo a ɗauki matsakaici. Wannan shi ne bin sawun haske, kuma kusan duk wani babban fim na yau a kansa yake tsaye. Hoton da ya nuna, mai ɗigo 512 a kowane gefe da sawu 40 a kowane ɗigo, ya ci kusan awa 20 a babban injin IBM. A cikinsa an ga haske ya taru a ƙarƙashin ƙwallayen gilashi ba tare da an roƙe shi ba.

A takarda ke nan an gama. A aikace kuwa, ƙuri'a tana da tsada. Hoton da bai sami isasshen sawu ba yakan fito da tsaki-tsaki, kuma don a rage tsakin da rabi sai an ninka aikin sau huɗu. Yanzu a koma kan hasken baho. Kyamara tana kallon katanga. Zare ya sauka a katangar, ya tambayi rana kai tsaye, ya sami hasken da ya zo a miƙe. Amma wanda ya fara sauka a ruwa ya juyo fa? Ba a iya tambayarsa kai tsaye, domin ba a san ɗigon da ya taɓa a fuskar ruwan ba. Mas'alar Ibnul Haisam ce ta dawo, a kan madubin da ke kaɗawa. Abin da ya rage sai sa'a: ƙuri'a ta jefa zaren ya faɗa ruwa, ruwan kuma ya juya shi daidai cikin ƙwayar rana. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, wato wajen kashi ɗaya cikin 100,000 na sararin da ke bisa kanmu. Dubban zaruruwa za su dawo hannu rabbana, ɗaya ya dawo da hasken da ya fi ƙarfin ɗigon, sai hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige barkatai. In kuwa fitilar ɗigo ce marar faɗi, kamar yadda manhajoji da yawa ke ɗaukarta, to ko shekara dubu za a yi ba za a dace ba.

Amsar da ta fara zuwa zuciya ita ce a koma wa gaskiyar Ibnul Haisam, a taso daga fitila. James Arvo ya yi haka a 1986. Haske ya bar rana, ya bugi ruwa, ya sauka a katanga, daga nan a miƙa zare zuwa kyamara, magana ta ƙare. Eric Lafortune da Yves Willems a Leuven ta Beljiyam a 1993, da Eric Veach da malaminsa Leonidas Guibas a Stanford a 1994, suka haɗa biyun: sawu ɗaya daga ido, ɗaya daga fitila, a ƙulla su a tsakiya ta duk inda ya yiwu. A 1995 Veach ya nuna yadda za a auna waɗannan hanyoyi a ba kowace nauyin da ya dace da ita a inda ta fi ƙarfi, kuma a ganina wannan ne aikinsa da ya fi amfanar mutane, ko da yake ba shi aka fi yi wa kirari ba.

Duk da haka akwai hanyar da ta gagari ɓangarorin biyu, ita ce ta yashin gulbi. Paul Heckbert ya ƙirƙiro wata gajeriyar hanyar rubuta sawu a 1990, harafi ɗaya ga fitila, ɗaya ga ido, ɗaya ga abu mai sheƙi, ɗaya ga marar sheƙi, kuma da ita masu sana'ar ke kiran wannan dodo nasu: mai sheƙi, marar sheƙi, mai sheƙi. Haske ya ratsa fuskar ruwa, ya sauka a yashi, ya sake ratsa fuskar ruwan kafin ya kai ido. In ka taso daga ido, ruwa ya tare ka daga tambayar rana. In ka taso daga rana, ruwa ya tare ka daga miƙa zare zuwa kyamara. Wurin ƙulli ɗaya ne tak, yashin, kuma ta kowane gefe ƙofa a rufe take. Kada a ɗauka abin na gulbi ne kaɗai. Fitilar mota a cikin gilashinta da aka hango ta taga, ɗakin da ake gani a madubi, ƙwayar idon mutum a bayan ruwan idonsa, duk wannan hanya ce.

Henrik Wann Jensen, ɗan ƙasar Denmak, ya zagaye matsalar a 1995 da 1996. Ya ce a daina neman ƙulli daidai wa daida. A fara watso miliyoyin ƙwayoyin haske daga fitila, a rubuta inda kowace ta sauka. Sannan a taso daga ido, duk inda aka sauka a ƙirga ƙwayoyin da ke kusa, yawansu shi ne ƙarfin hasken wurin. Hotonsa na kofin gilashi da jan haskensa a kan tebur ya zagaya duniya. Kuɗin da aka biya shi ne kaifi: tunda makwabta ake tarawa, gefen hasken yakan dushe, kuma ƙwaƙwalwar injin tana cika. A 2008 Toshiya Hachisuka da Shinji Ogaki da Jensen suka gyara wannan, ana watsowa zagaye bayan zagaye ana ƙara matse da'irar da ake ƙirgawa a ciki, har hoton ya doshi amsar gaskiya.

Veach shi wata hanya ya bi. A 1997 shi da Guibas suka ɗauko takardar nan ta 1953 suka ɗora ta a kan haske. Masu haƙar zinariya a yankin Anka da Maru ba sa tona daji kan mai uwa da wabi. In aka dace da jijiya, a gefenta ake ci gaba da sara, a bi ta duk inda ta nufa. Haka wannan dabara take. In aka sha wuya aka sami sawu ɗaya da ya kai ga fitila, ba a yar da shi a sake sabon lale. Sai a ɗan gusa shi, a motsa ɗigo ɗaya kaɗan, a duba. In sabon ya fi haske a koma kansa. In bai kai ba, a jefa ƙuri'a gwargwadon ƙarfinsa, ko a karɓa ko a zauna a kan na da. Wannan ƙuri'a ita ke hana a yi son kai, ta sa kowane wuri ya sami ziyara daidai da haskensa. Hoton da suka gwada da shi ɗaki ne da fitilarsa take a wani ɗakin, ƙofar tsakani an ɗan sakaya ta, duk hasken ta wannan 'yar kafa yake shigowa. Duk wanda ya kwana a ɗakin laka marar taga ya san irin wannan haske. A lokaci iri ɗaya, tsohuwar hanya ta fitar da tsaki zalla, sabuwar ta fitar da ɗaki da tebur da butocin shayi. Kundin digirin Veach, mai shafi fiye da 400, ya zama littafin da kowa a fagen ke komawa gare shi. Shi kuwa ya ɗan taɓa aiki a Pixar, a 2000 ya koma Google ya shiga gina tsarin tallace-tallacensu. Sai a 2014 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama shi kan aikin da ya bari tun tuni.

To amma masu fim ba su rungumi dabarar Metropolis ba, kuma ina ganin suna da hujja. Mai bin jijiya yana iya maƙalewa a rami ɗaya ya manta da sauran dajin. Hoto na farko ya gano wani haske a kusurwa, na biyu bai gano shi ba, na uku ya gano. In aka jera su 24 a daƙiƙa sai wurin ya riƙa ƙyaftawa. Darakta zai yafe hoton da bai cika gaskiya ba, ba zai yafe wanda ke ƙyaftawa ba. Saboda haka aka daɗe ana ha'inci a fili. Hasken da ke rawa a ƙasan teku a fim ɗin Finding Nemo na 2003 ƙirƙirar zanensa aka yi aka haska shi a kan yashi da kifaye, ba bin sawunsa aka yi ba. Ko da manhajar Arnold ta Marcos Fajardo, ɗan Sifen, ta kai bin sawu cikin cikakken fim da Monster House a 2006, Disney ta biyo da Big Hero 6 a 2014, Pixar da Finding Dory a 2016, abin da aka saba yi da hanyoyi masu wuya shi ne a kashe su, ko a datse duk ɗigon da haskensa ya wuce kima, ko a ɗan dusar da sheƙin gilashi a ɓoye don ƙuri'a ta sami abin kamawa. Mai kallo bai taɓa kai ƙara ba.

Masu bincike dai ba su haƙura ba, kuma a nan ne aka koma wa tsohuwar mas'ala gaba da gaba. Tun 1992 Don Mitchell da Pat Hanrahan suka nuna cewa da ƙa'idar Fermat ana iya neman ɗigon da haske zai juya a kan lanƙwasasshen madubi, a fara da hasashe a yi ta gyara shi da hanyar Newton har ya zauna. Injinan lokacin ba su da ƙarfin ɗaukar wannan a babban aiki. A 2012 Wenzel Jakob da Steve Marschner na Cornell suka faɗaɗa shi: in ka riga ka sami sawu ɗaya da ya ratsa gilasai da madubai, ka gusa bakinsa, lissafi zai gaya maka yadda duk ɗigogin tsakiya za su gusa don dokar haske ta ci gaba da tsayuwa. A wannan shekarar dai rukuni biyu, na Iliyan Georgiev da Jaroslav Křivánek da abokansu, da na Hachisuka, kowanne ya gano yadda za a haɗa ƙullin Veach da ƙirgar Jensen a tukunya ɗaya. A 2015 Johannes Hanika da Marc Droske da Luca Fascione na kamfanin Weta a New Zealand suka mayar da dabarar Jakob abin da fim zai iya ɗauka: zaren tambaya in ya tarar da ruwa ko gilashi a gabansa, ba ya juyawa ya ce inuwa ce, sai ya tsaya ya lissafo inda ya kamata ya ratsa. Da wannan ɗigon zufa a goshi da ƙwayar ido suka sami haskensu. Raunin dabarar shi ne amsa ɗaya take samowa, alhali, kamar yadda Ibnul Haisam ya gani a madubinsa, amsar tana iya zama da yawa. A fuskar ruwa mai kaɗawa ma ba su ƙirguwa. Tizian Zeltner da Georgiev da Jakob, a wani aiki da ya fito daga Lausanne ta Suwizalan a 2020, suka ce a fara neman daga wurare daban-daban da ƙuri'a, a ƙirga sau nawa ake gwadawa kafin a sake faɗawa kan amsa ɗaya, da wannan ƙirgar a san nauyin da za a ba ta.

Gefe guda kuma an koya wa injin ya riƙa tuna inda haske ya fito a zagayen baya ya karkata ƙuri'arsa can, aikin da Thomas Müller da abokansa a Zurich suka sauƙaƙa a 2017. A 2018 NVIDIA ta fitar da katin RTX mai sashe na musamman don harba zaruruwa, abin da ya ci wa Whitted minti 74 ya zama abin da wasan kwamfuta ke yi sau da yawa a daƙiƙa. Sai manhajojin goge tsaki masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke karɓar hoto mai dishi-dishi su mayar da shi sumul. Suna da amfani ƙwarai, amma hasashe suke yi daga abin da aka ba su. Hasken da bin sawu bai taɓa cin karo da shi ba, ba su da inda za su samo shi, kuma fararen ɗigogin nan sau da yawa ko su shafe su ko su mayar da su tabo.

Wannan duka ya iso hannun talaka ta hanyar Blender, manhajar da Ton Roosendaal na Holan ya saki kyauta a 2002 bayan masu amfani da ita sun tara Yuro 100,000 sun fanshe ta. Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, in yana da laftof da data da wutar da za ta riƙe shi, zai iya sauke ta yau. Injinta na bin sawu, Cycles, ya zo a 2011. Sigar 3.2 ta watan Yunin 2022 ta shigo da dabarar Weta, sigar 3.4 ta watan Disambar shekarar ta shigo da karkata ƙuri'a. Sai dai ba da kanta take yi ba: dole mai zane ya yi wa fitilar alama, ya yi wa gilashin da zai tara hasken alama, ya yi wa daɓen da zai karɓa alama. Ratsawa kaɗan kawai take iya bi, kuma hasken da ya ratsa abu ya faɗa cikin inuwarsa kaɗai take samowa. Wanda madubi ko goggen ƙarfe ya juyo ba ya cikin lissafinta. Mai son wannan sai ya ɗora LuxCoreRender, ita ma kyauta ce, tana da bin sawu ta fuska biyu da dabarar Metropolis, ya kunna, ya bar injin yana aiki har asuba.